Babur mai ƙafa huɗu na farko: wanne ya dace da gona da yawo a ƙasar Binuwai?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Garwa, ina da gona a bayan Ngong, nesa da kwalta. Masara nake yi da auduga, da 'yan shanu kaɗan. Daga Agusta zuwa Satumba babur ɗina ba ya kai ni gonar saboda taɓo, sai in ajiye shi a ƙauye in ƙarasa da ƙafa. Ina so in sayi babur mai ƙafa huɗu, wanda ake kira kwad, don kai taki da kwaso amfani, ranar hutu kuma in ɗan zaga daji da yarana. An nuna min sabo ɗan China mai inji 250, an kuma turo min hoton Yamaha Raptor 700 na hannu daga Duwala, mai shi ya ce babu irinsa a ƙarfi. Ban taɓa hawan kwad ba. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a gonar. Idan na fahimce ka, abu uku kake nema a jikin abin hawa guda: ya kai ka gona a tsakiyar damina, ya yi maka dako, ya kuma zama abin shaƙatawa. Cikin biyun da aka nuna maka, babu wanda zan ce ka zuba kuɗinka a kai. Wanda ya dace da kai shi ne kwad na aiki, matsakaici, mai inji tsakanin 400 da 500, wanda tayoyinsa huɗu duka suke ja, kuma wanda ka san inda za ka samo kayan gyaransa tun kafin ka biya. Sana'ata gyaran babura da ƙananan injuna ce a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma kwad ɗin da suka ratsa hannuna yawancinsu na ayyukan gona ne da na sansanonin farauta da ke kewayen gandun dajin Binuwai. A kan abin da na gani a jikinsu zan yi maka bayani.

Na wasa daban, na aiki daban

Kamfanin Honda ne ya fara fito da wannan abin hawa a 1970, mai ƙafa uku da manyan tayoyi masu laushi. Suzuki ya kawo mai ƙafa huɗu a 1982, a 1986 kuma Honda ya fitar da wanda ƙafafunsa huɗu duka suke ja. Masu ƙafa ukun sun yi ta kifewa da mutane har aka daina sayar da sababbinsu a Amurka a 1988. Tun daga nan sana'ar ta rabu gida biyu, kuma wanda bai gane wannan rabuwar ba shi ne ke asarar kuɗinsa.

Gida na farko na tsere da wasa ne. Raptor 700 da aka turo maka hotonsa sarki ne a wannan gida, mai shi bai yi ƙarya ba da ya ce yana da ƙarfi. Amma tayoyin baya kaɗai suke ja, da sarƙa, irin ta babur. Cikinsa na baya kusa yake da ƙasa. Ba shi da kariyar ɗora kaya. Kuloci da giyarsa na hannu da ƙafa ne, kuma injinsa da ɗan taɓi yake zabura. An ƙera shi ne don gwani ya yi gudu a kan rairayi. Ka shigar da shi baƙar lakar nan ta Agusta, tayoyin baya za su haƙa wa kansu rami, cikinsa ya zauna a ƙasa, sarƙar ta cika da taɓo. Ga wanda bai taɓa hawa ba kuwa, ƙarfin nan da ake yaba masa shi ne haɗarinsa.

Gida na biyu na aiki ne. Shi yana da kariya gaba da baya, da maƙalar tirela, da ƙaramar giya ta jan nauyi, kuma ƙarfin injin yana isa ga tayoyi ta sandar ƙarfe da ke rufe, wadda makanikai ke kira shaf, don haka babu sarƙar da za ta ci ƙasa. A nan ake samun Honda Rancher 420, Yamaha Kodiak 450, Suzuki KingQuad, Polaris Sportsman, Can-Am Outlander, da CFMoto CForce na China. Na aiki yana iya kai ka yawo ranar hutu ba tare da ya rage ka da komai ba, gudunsa ma ya fi abin da hanyar daji za ta bari ka yi. Na wasa kuwa ba zai taɓa yi maka dako ba. Tunda kai aiki da yawo duka kake buƙata, gidan da za ka shiga a fili yake.

Shi kuma ɗan China mai 250, yana da abin yabo guda wanda ba zan ɓoye ba: injin irin waɗannan yawanci ɗan'uwan injin baburan da ke cike da garin nan ne, don haka fistin, ringi, fulogi da kafireta ba sa wahalar samu, kowane yaron gareji zai iya buɗe shi. Sai dai galibinsu ƙafa biyu ne ke ja, da sarƙa, ƙarfen jikinsu siriri, walda na tsagewa idan ana yawan ɗora nauyi. Da a ce gonarka a kan jigawa take, aikinka zagaye da rani, da na ce ka gwada. Amma abin da ya kawo ka shi ne taɓon damina, a nan ne kuma yake kasawa.

Girman inji

Mutane suna son babbar lamba. Ni a wajen mai farawa na fi son 400 zuwa 500. Kodiak 450 da Grizzly 700, duka na Yamaha, nauyin tirelar da kamfanin ya yarda su ja ɗaya ne, kilo 600. Abin da babban ya fi ƙaramin shi ne gudu, da shan mai, da tsada, da saurin zabura. Babu ko ɗaya a ciki da zai ƙara maka buhu a gona. Kuma ko matsakaicin ma nauyinsa ya kusa kilo 300. Duk ranar da ya kafe a laka kai kaɗai, za ka gode wa Allah da ba ka ɗauki wanda ya fi haka ba.

Maganar kaya, wadda ita ce ta fi ba mutanenmu mamaki

A nan nake so ka tsaya da kyau, domin a nan ne abin da ke ran mai saye yake saɓawa da abin da na'urar za ta iya. Kariyar bayan Honda Rancher kilo 60 aka rubuta mata, ta gaba 30. Ta Kodiak 450, baya 80, gaba 40. Ko babban Grizzly 700, kilo 90 ne a baya. Buhun masararmu kuwa kilo 100 ne. Ma'ana, buhu ɗaya tak ya riga ya wuce ƙa'idar kariyar kowannensu. Buhun taki mai kilo 50 zai hau baya lafiya, amma guda ɗaya, ba uku ba.

Na san abin da za a ce: ai babur ɗin Boxer ma ana ɗora masa buhu biyu ya tafi. Gaskiya ne, kwad ma zai tafi. Matsalar ba ƙarfin inji ba ce. Babur mai ƙafa biyu yana kwantawa a kwana, nauyin ya bi shi. Kwad ba ya kwantawa. Faɗinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ga shi da tsayi daga ƙasa, don haka duk kilon da ka ɗora a saman kariya yana ƙara ɗaga nauyin sama. A hawan gangare gaba ya yi sauƙi ya tashi, a gefen kunya ko bakin kwazazzabo ya karkata. Tankin feshi ma haka: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwan da bai cika tanki ba yana kaɗawa gefe da gefe, yana tura na'urar daidai lokacin da take neman daidaita.

Kwad kamar bijimin amalanke yake, ƙarfinsa a ja yake, ba a ɗauka a gadon baya ba. Saboda haka tun yanzu ka sa kuɗin tirela cikin lissafi. Mai walda na gari zai haɗa maka ita a nan Garwa: ta zama gajeriya daga ƙasa, mai faffaɗan tayoyi don kada ta yanka laka ta nutse, gatarinta kuma ya zauna yadda nauyin da zai danna maƙalar ba zai yi yawa ba. Rancher an rubuta masa jan kilo 385, wato buhu uku da nauyin tirelar kanta. Masu kilo 600 za su ja huɗu ko biyar a busasshiyar hanya shimfiɗaɗɗiya. A taɓo ka raba wannan biyu. Ka kuma tuna tirelar ba ta da birki. A gangare ita ce za ta riƙa tura ka, don haka da ƙaramar giya ake saukowa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya wajaba in faɗa maka ko da zai rage maka zumuɗi. Idan babban burinka kwaso masara da auduga ne, kaka ake wannan aikin, lokacin da hanya ta bushe, kuma babur mai ƙafa uku na dako, irin wanda ke kai kaya kasuwar Pitowa, zai kwashi fiye da abin da kwad zai ja, a kuɗi kaɗan, da kayan gyara a kowace kusurwa. Fifikon kwad ɗaya ne: yana shiga inda mai ƙafa ukun ba ya shiga, a watannin da taki da feshi da duba shanu ba sa jira. Idan rashin isa gona a Agusta yana jawo maka asara ta gaske, to ya cancanci kuɗinsa. Huɗa kuwa ka bar wa shanu da tarakta. Zai iya jan ɗan ƙaramin abin baje ƙasa a jigawa, amma wanda ya sa shi huɗar baƙar ƙasa zai ƙone masa bel ko kuloci kafin damina ta fita.

Bel ko giya

Yawancin kwad na aiki suna canza giya da kansu ta hanyar bel na roba da ke gudu tsakanin faifai biyu. Ga mai koyo wannan sauƙi ne babba: ka danna mai da babban yatsa, ka kama birki, shi ke nan. Abokan gabar bel biyu ne, zafi da ruwa. Zafin yana zuwa ne idan ana jan nauyi ko tafiya a hankali a babbar giya. Bel ɗin yana sulɓi, ya yi ƙauri, ya tsinke. Mafi yawan bel ɗin da aka kawo min a ƙone, mai shi bai san amfanin harafin L da ke jikin sandar giya ba, wato ƙaramar giya. Duk lokacin da akwai tirela, ko laka, ko hawa, L ake sawa. Ruwa kuma idan ya shiga akwatin bel, inji zai yi ta ƙara na'urar ba ta motsi, sai an buɗe magudanar da ke ƙasan akwatin an tsiyaye.

Honda bai bi wannan hanyar ba. Kwad ɗinsa na aiki giyar ƙarfe gare su, babu bel. Akwai mai giyar ƙafa marar kulocin hannu, akwai mai maɓallin lantarki, akwai mai canzawa da kansa. A ƙasarmu, mai giyar ƙafar nan shi na fi so a cikin duka, saboda babu abin da ke cikinsa da makanikin babur mai hankali ba zai gane ba. Yamaha kuma ya yi wa nasa bel ɗin dabara, kuloci daban ne ke ɗaukar sulɓin tashi, bel ɗin kullum a ɗaure yake, shi ya sa yake daɗewa. Idan ka samu ɗaya daga cikin waɗannan biyun cikin ƙoshin lafiya, ka samu abin kirki. CFMoto ma ba abin rainawa ba ne, ya yi nisa da ƙananan 'yan China marasa suna, kuma sabonsa ya fi na Japan sauƙin kuɗi. Sharaɗin dai mai sayarwar ya nuna maka kayan gyara a kan kanta, ba a baki ba.

Game da ƙafafun baya, akwai mai gatari guda miƙaƙƙe, akwai wanda kowace taya take lilo da kanta. Na biyun ya fi daɗin zama a hanya mai gargada. Na farkon ya fi ƙarancin abin lalacewa, ya kuma fi jure nauyin tirela. Don gona, na farkon ya ishe ka.

Zafi, ƙura, mai da ƙaya

Waɗannan na'urori ba don yanayin Garwa aka zana su ba, dole mai su ya cike gibin da kulawa. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, kwad kuma aikinsa tafiyar hawainiya ce, iska ba ta bugun injin sosai. Masu sanyaya inji da ruwa sun dogara ne kacokan ga lagireto da fanka. Laka tana toshe ramukan lagireton, ta bushe ta zama kamar siminti a ciki, da kaka kuma ƙaiƙayin ciyawa ya ƙarasa rufe shi. Bayan kowace fita ta taɓo a wanke shi da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba, har sai an hango haske ta cikinsa. Kafin ka saya, ka bar injin yana aiki a tsaye har ka ji fankar ta tashi da kanta. Idan ba ta tashi ba, akwai magana.

Ƙurar hunturu kuwa ita ke cinye inji a ɓoye. Matatar iskar yawancinsu soso ce da ake wankewa, a shanya, a shafa mata mai na musamman mai danƙo. Busasshen soso ba ya tare ƙura mai laushi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ka riƙa buɗe akwatin kowane mako, ka kuma ajiye soso na biyu don musanya.

Sai mai. Sababbin kwad kusan duka injekta gare su, da famfon mai a cikin tanki, ba kafireta ba. Suna tashi da wuri, suna tsimin mai, amma ba sa yafe datti ko ruwa. Fetur ɗin kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, wanda muke kira zuwa-zuwa, wani mai kyau ne, wani ya kwana a jarkar da ba a san me ta ɗauka a baya ba. Kafireta idan ta toshe, a gindin bishiya za a kwance ta a hure. Famfon injekta idan ya mutu, sai an yi odar wani. Don haka ka sha mai a gidan mai, ka tafi da jarkarka mai tsabta, idan kuma dole ta sa ka sayi na kwalba, ka tace shi da mazurari mai lallausar raga. Tankinsu lita 14 zuwa 18 ne, kuma shan mansu ya ninka na babur ɗinka nesa ba kusa ba. Tunda litar fetur ta kai sefa 840 a gidan mai a Fabrairun 2024, na Najeriya ma ya daina araha bayan cire tallafi a 2023, wannan lissafi ne da za ka yi da alƙalami kafin saye.

Tayoyi kuma labarinsu daban ne. Iskar da ake sa musu kaɗan ce ƙwarai, wajen 0.3 a ma'aunin bar, alhali tayar mota tana shan sama da 2. Wannan laushin ne ke sa tayar ta baje ta hau kan laka da rairayi. Mai faci da bai saba ba zai bubbuga ta da hannu ya ce babu iska, ya ɗura mata irin ta mota. Daga nan na'urar ta riƙa tsalle, ta rasa riƙon ƙasa. Ka sayi ƙaramin ma'aunin iska na kwad ka riƙe a aljihu, domin na mota ba ya karanta wannan ƙanƙanin awo daidai. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da kututturen auduga bayan an sare suna huda taya mai sirarar fata, saboda haka ka nemi mai fata shida, ka kuma koyi cusa facin igiya da kanka. Girman da aka fi samu a matsakaitan shi ne 25x8-12 a gaba, 25x10-12 a baya, kuma ba taya ce da za ka tarar a kowane shago ba. Kututturen nan dai shi ne ke yaga robar da ke rufe gaɓar sandunan tayoyi. Robar ba ta da tsada, amma idan ta yage aka bari ƙasa ta shiga, gaɓar gaba ɗaya za a canza.

Kayan gyara kafin na'ura

Da za ka leƙa bayan wasu gidaje da ofisoshin ayyuka a garin nan, za ka ga kwad masu tsada a kwance ƙura ta rufe su, injinsu lafiya lau, abin da ya kwantar da su bai fi tafin hannu ba: na'urar cajin batir, ko famfon mai, ko bel. Saboda haka nake juya tsarin sayen. Ka fara samun makanikin da zai riƙa duba maka shi, ka tambaye shi wane iri ya taɓa buɗewa. Sannan ka rubuta abubuwa biyar, bel, matatar mai, takalmin birki, robar gaɓa da boris na taya, ka nemi farashinsu da kwanakin da za su yi kafin su iso daga Duwala ko Yawunde ko Najeriya. Irin da aka ba ka amsarsa kai tsaye, shi ne naka, ko da wani ya fi shi suna. Kuma kada ka kashe duk abin da ka tanada a kan na'urar. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar don tirela, hular kwano, kayan gyaran farko da takardu.

Idan na hannu za ka saya, hoto ba ya isa. Ka je da makanikinka, ka ce kada a tayar da injin kafin ku iso, don ka ga yadda yake tashi da sanyinsa da irin hayaƙin da yake fitarwa. Ka zaro ma'aunin baƙin mai. Idan ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Ka buɗe akwatin iska ka shafa yatsa a bututun da ke bayan matata. Ƙura a wurin tana nufin injin ya sha ƙasa. A ɗaga na'urar a girgiza kowace taya, a duba robobin gaɓa, a leƙa ƙarƙashi a nemi sabuwar walda ko lanƙwasa. A sa ƙafa huɗu a kan rairayi a tabbatar na gaba suna ja. Ka dubi awannin aiki da ke kan allo, sun fi kilomita faɗin gaskiya, domin na'urar da ta yi rayuwarta tana jan kaya a hankali kilomitanta kaɗan ne, wahalarta da yawa. Lambar da ke jikin ƙarfe kuma ta dace da ta takardar duwan, wato kwastan, harafi da harafi. Wanda ba shi da takardar duwan, komai arhansa, ka bar shi. Jandarma na farko a hanyar Ngong zai tuna maka. Kafin ka biya, ka je ofishin sufuri da kamfanin inshora da takardun na'urar, su faɗa maka a rubuce abin da ake bukata na rajista da lasisi.

Maganar yara da yawo

A nan zan yi magana da nauyi, ɗan'uwa, don ka ambaci 'ya'yanka. Ƙafa huɗun nan tana sa mutum ya saki jiki, ya ɗauka abin ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa, kuma idan ya kife a kan mai shi yake kifewa, da kilo 300 ɗinsa. A Ostareliya, ƙasar manoma da makiyaya da suka daɗe suna aiki da shi, mace-macen kifewa a gonaki ne suka sa gwamnati ta wajabta, daga Oktoban 2021, a riƙa sa wa sababbin kwad na aiki ƙarfen kariya a baya, wanda zai hana na'urar danne mutum. Su kansu kamfanonin suna manna gargaɗi a jikin manyan kwad cewa wanda bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa, kuma kada a ɗauki fasinja.

Doguwar kujerar da kake gani ba don goyo aka yi ta ba. An tsawaita ta ne don matuƙi ya riƙa motsa jikinsa: ya matsa gaba a hawa, ya ja baya a gangare, ya karkata cikin kwana. Da jikinka ake tuƙa kwad, ba da hannu kaɗai ba. Idan ka goya yaro a baya, ka toshe wa kanka wurin motsi, ka kuma ƙara nauyi a inda ya fi haɗari. Ɗora yaro a kan tanki ko kariya kuwa, don Allah kada ka fara. Idan lallai kana son tafiya da mutum, akwai waɗanda aka ƙera don mutum biyu, masu tsawon jiki da kujerar baya da maƙallan hannu, irin Outlander MAX ko Sportsman Touring, kuma ko su sai wanda ƙafarsa ta kai mataki. Idan kuwa fita da iyali ce ta fi maka muhimmanci, to abin da kake nema shi ne ɗan'uwansa mai sitiyari da kujeru gefe da gefe da ƙarfen rufi da ɗamara, irin Kawasaki Mule ko Polaris Ranger. Ya fi tsada, ya fi faɗi, ba kowace 'yar hanyar gona zai bi ba, amma shi aka yi don ɗaukar mutane.

Kwalta ma ba wurinsa ba ce. Da yawansu tayoyin baya a haɗe suke juyawa, don haka a kwana dole ɗaya ta ɗan sulɓe. A ƙasa tana sulɓewa, a kwalta kuwa sai ta kama, na'urar ta nemi ɗaga ƙafa. Ga manyan motocin da ke bin hanyar Garwa zuwa Ngaundare. Shawarata ka samu amintaccen gida a Ngong ko a ƙauyen da kake ajiye babur, kwad ɗin ya zauna can. Ka zo da babur ɗinka a kwalta, ka sauya. Tayoyinka ma za su fi daɗewa.

Wurin shaƙatawa ba mu rasa shi ba. Da rani rairayin mayo, wato rafin da ke ƙafewa, da filayen gindin duwatsun Tingilin sun isa mai koyo ya more. Gandun daji irin na Binuwai da Faro da Buba Njida wurare ne da doka ta keɓe, ba a shiga sai da izini. Ka kauce wa shukar mutane, ka rage gudu tun daga nesa idan ka hango garke, domin ƙarar tana firgita shanu. Da damina ka ji tsoron mayo: ruwa yana iya saukowa daga duwatsu alhali inda kake ko ɗigo bai sauka ba. Ruwan da ya wuce matakin ƙafa, ko mai gudu, ba a shiga. Idan kuma tsautsayi ya sa injin ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake tayar da shi; a jawo shi waje, a cire fulogi, a fitar da ruwan, a canza baƙin mai. Hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu dole ne ko da zafi ya kai inda ya kai.

Makonnin farko ka yi su a fili shimfiɗaɗɗe, babu kaya, babu tirela, kana koyon kwana da birki da ja da baya. Shi ya sa na fi son ka saya da rani, don Agusta ta same ka hannunka ya riga ya faɗa.

Shawara daga nesa tana da iyaka, domin ƙafarka ce ta san hanyar gonar, kuma na'urar hannu sai an taɓa ta ake yanke mata hukunci. Akwai baƙar lakar da idan ta sha ruwa ko mai ja da ƙafa huɗu sai ya zauna a kan cikinsa. Idan hanyarka tana da irin wannan wuri, ka haɗa da na'urar jan igiya da ake ɗaurawa a gaba, da shebur. Kafin ka yanke, ka bi hanyar da ƙafa bayan ruwa mai ƙarfi, ka auna zurfin taɓon da sanda a wuraren da suka fi muni, ka auna faɗin inda ya fi matsewa, ka ƙirga mayo nawa za ka tsallaka. Ka turo min wannan tare da amsar da masu kayan gyara suka ba ka, sai mu zaɓi ɗaya tsakanin Rancher, Kodiak da CForce.